MARI KURI, MATAR DA TA DAFA DUTSE

Kowace ɗaliba a wannan makaranta tamu tana da bajo a ƙirjin rigarta, kuma duk mun san abin da kan sami wadda aka kama ba ta da shi a wurin taron safe. To, akwai wani irin bajo dabam, wanda ba a maƙala shi don ado ko don a san makarantar mutum. Shi aikinsa ƙidaya, kuma abin da yake ƙidayawa ido ba ya ganinsa. Sanadin wannan bajo ne na san tarihin wata Baturiya wadda ta rasu tun cikin 1934, kuma tarihin nata nake so in ba 'yan'uwana ɗalibai a wannan fili.

Ga yadda abin ya faro. A dogon hutun da ya wuce na tafi wurin Yayata, wadda take aiki a ɗakin ɗaukar hoton ƙashi na wani babban asibiti. Tun ran da Yaya ta kama wannan aiki hankalin Innarmu bai kwanta ba, domin maƙwabta sun cika mata kunne da cewa na'urar hoton tana shanye jinin mai aiki da ita. Saboda haka da zan tafi, Inna ta ja ni gefe, ta ce in buɗe ido in ga irin zaman da Yaya take yi da wannan na'ura, in zo in gaya mata gaskiya. Ran da na raka Yaya wurin aiki sai na ga ta ɗauko wani ɗan abu na roba, bai kai akwatin ashana girma ba, da sunanta da lamba a jikinsa, ta maƙala a ƙirjin farar rigarta. Na ɗauka katin shaida ne. Ta yi dariya, ta bayyana mini cewa akwai wani ɓoyayyen haske mai ratsa jiki, wanda ba a ganinsa, ba a jin zafinsa, ba shi da wari, Turawa suna kiransa radiyeshan, kuma wannan ɗan abu shi yake riƙe lissafin yawan wanda ya taɓa ta. Ta ƙara da cewa in ina son sanin darajarsa, in nemi labarin waɗanda suka yi aikin kafin a ƙago shi. Da aka koma makaranta na tambayi Malamin Kimiyya, shi kuwa ya tura ni laburare in nemi sunan Marie Curie, wanda ake furtawa Mari Kuri. Ga abin da na samo.

Haihuwarta da Ƙuruciyarta

An haife ta ran 7 ga watan Nuwamba, 1867, a birnin Warso na ƙasar Folan. Cikakken sunanta na gida Mariya Sklodowska, kuma ita ce auta cikin 'ya'ya biyar. Mahaifinta malamin lissafi da fizik ne, mahaifiyarta kuwa shugabar wata makarantar 'yammata ce. A wannan zamani Warso tana ƙarƙashin mulkin Rasha, kuma masu mulkin sun matsa wa mutanen Folan ƙwarai, har da harshen Rasha ake tilasta wa yara su yi karatu. Da aka hana yin gwaje-gwajen kimiyya a makarantu, sai mahaifin ya kwaso kayan gwajin ya kawo gida, ya riƙa nuna wa 'ya'yansa yadda ake aiki da su.

Mariya ta san maraici da wuri. Babbar yarsu ta rasu cikin 1876, bayan shekara biyu kuma tarin fuka ya ɗauke mahaifiyarta, ita tana da shekara goma. Duk da haka ba ta yi sake da karatu ba. Ta gama sakandare cikin 1883, har aka ba ta lambar zinariya. To, amma daga nan sai hanya ta toshe, domin jami'ar Warso ba ta karɓar mata. Sai ta shiga wata makarantar ɓoye da 'yan kishin ƙasa suka shirya, wadda ake yin darussanta daga wannan gida zuwa wancan don kada 'yan sanda su gane.

Ita da yarta Broniya duk suna son zuwa Faransa neman ilmi, ga shi babu kuɗin da zai ishi mutum biyu. Sai suka ƙulla alkawari: Broniya ta fara tafiya ta karanci likita, Mariya ta nemi aiki tana aika mata da kuɗi, in ta gama ita ma ta ɗauki nauyin ƙanwarta. Haka aka yi. Mariya ta tafi wani ƙauye ta kama aikin koyar da 'ya'yan wani mai hali a gidansu, ta shekara uku a can. In ta sami sarari takan tara 'ya'yan manoma a ɓoye ta koya musu karatu da harshen Folan, abin da hukuma za ta iya ɗaure ta a kansa.

Zuwanta Faris

Sai cikin 1891, tana da shekara 24, sa'an nan ta sami isa birnin Faris, ta shiga jami'ar Sobon. A nan ne ta fara rubuta sunanta Mari, yadda Faransawa suke faɗi. Ta kama wani ɗan ɗaki can ƙololuwar bene, inda sanyi yake sa ta saka duk tufafinta kafin ta iya barci. Abincinta bai wuce burodi da shayi ba, har akwai ran da ta suma don yunwa. Amma sai an sha wuya akan sha daɗi. Cikin 1893 ta zo ta ɗaya a jarrabawar digirin fizik, shekara mai zuwa kuma ta zo ta biyu a ta lissafi.

Cikin 1894 ta haɗu da wani masanin kimiyya Bafaranshe mai suna Fiyer Kuri, suka yi aure ran 26 ga Yuli, 1895. Ba a yi wani shagali ba. Rigar da ta sa ranar auren mai shuɗi ce mai duhu, ta zaɓe ta ne don ta ci gaba da sa ta a ɗakin gwaje-gwaje. Kuɗin gudummawar da aka ba su kuwa kekuna biyu suka saya da shi. Sun haifi 'ya'ya mata biyu, Irin cikin 1897 da Ib cikin 1904.

Dafa Dutse

A ƙarshen shekarar aurensu wani Bajamushe mai suna Rontgen ya gano hasken nan mai ratsa tsoka ya nuna ƙashi, watau wanda Yaya take aiki da shi yau. Cikin 1896 kuma wani Bafaranshe, Henri Bekarel, ya ci karo da wani abin mamaki. Ya naɗe farantin ɗaukar hoto cikin baƙar takarda, ya ɗora gishirin yuraniyam a kai, da nufin ya shanya a rana. Hadari ya rufe sama kwana da kwanaki, sai ya jefa su cikin aljihun tebur. Da ya wanke farantin sai ya tarar ya yi baƙi daidai inda yuraniyam ɗin ya zauna, alhali ko kusa hasken rana bai taɓa shi ba. Har ma ya lura cewa in an sa ɗan ƙarfe tsakani, inuwar ƙarfen tana fitowa a hoton. Ina roƙon mai karatu ya riƙe labarin wannan faranti, domin za mu komo gare shi.

Mari ta zaɓi wannan sabon haske ya zama abin bincikenta na digirin dakta. Fiyer da ɗan'uwansa sun riga sun ƙera wani ma'auni mai gane ƙanƙanin lantarki a cikin iska, da shi ta riƙa auna ƙarfin hasken. Ta gano cewa ko yuraniyam yana jiƙe ko busasshe, ko gari ne ko dunƙule, ƙarfin hasken yana bin yawan yuraniyam ɗin ne kawai. Ta haka ta gane cewa daga cikin ƙwayar zarra kanta abin yake fitowa. Daga nan ta gwada wani baƙin dutse mai suna fichbilen, wanda daga cikinsa ake fitar da yuraniyam, sai ta ga ƙarfinsa ya ninka na yuraniyam zalla sau huɗu. Ta ce lalle akwai wani sinadari a ɓoye cikin dutsen wanda ba wanda ya san shi. Fiyer ya ajiye nasa binciken ya kama mata. Cikin Yuli 1898 suka ba da sanarwar gano sinadari na farko, ta sa masa suna foloniyam don tunawa da ƙasarta Folan. Cikin Disamba suka ba da sanarwar na biyu, watau radiyam.

Faɗi da baki bai isa ba, sai sun fitar da radiyam ɗin an gan shi an auna. Aka kawo musu tarin dusar dutsen daga wata mahaƙa ta ƙasar Bohemiya, aka ba su aron wata tsohuwar rumfa mai yoyo, wadda dā ɗaliban likita suke feɗe gawa a ciki. Hausawa suna cewa mai haƙuri shi kan dafa dutse ya sha romonsa. Mu karin magana muka ɗauke shi, amma ita Mari a zahiri ta yi shi. Takan zuba kilo 20 na dusar a babbar tukunyar ƙarfe, ta wuni tana juyawa da sandar ƙarfe mai kusan tsawonta, ga hayaƙi, ga zafi da bazara, ga sanyi da hunturu. Ta tace, ta sake dafawa, ta sake tacewa. Shekara huɗu tana wannan aiki. Cikin 1902 romon ya fito: kashi ɗaya cikin goma na giram ɗaya na gishirin radiyam, abin da bai cika bakin ƙaramin cokali ba.

Cikin 1903 ta sami digirinta na dakta, kuma a wannan shekara aka ba su lambar Nobel ta fizik, ita da Fiyer da Bekarel. Da fari an so a bar sunanta a waje, sai da Fiyer ya tsaya kai da fata cewa aikin nata ne. Ita ce mace ta farko da ta sami wannan lamba. Da sun so, da sun yi rajistar hanyar fitar da radiyam ta zama mallakarsu sun yi arziki, amma suka bar ta kyauta ga duk mai so.

Abin da Ba Ta Auna Ba

A nan ne na ajiye littafin na yi shiru. Wannan mata ta auna nauyin radiyam, ta auna ƙarfin haskensa, ta rubuta kome a littafinta da lambobi, amma akwai lissafi guda da ba wanda yake riƙe da shi, watau yawan hasken da yake shiga jikinta kullum. Da hannu take ɗaukar kwalaben radiyam, takan sa su a aljihu, takan ajiye su a aljihun tebur. Da dare ita da mijinta sukan koma rumfar don su kalli yadda kwalaben suke walƙiya cikin duhu. Radiyam kuma yana fitar da wata iska mai suna radon, ita suke shaƙa dare da rana. Yatsunta suka tsattsage, ta rame, su biyun kullum cikin gajiya, amma suka ɗauka yawan aiki ne.

Ba za a ce babu alama ba. Cikin 1901 Bekarel ya sa 'yar kwalbar radiyam a aljihun rigarsa, fatar wurin ta ƙone. Fiyer ma da gangan ya ɗaura radiyam a damtsensa na awa goma don ya ga abin da zai faru, ya sami gyambon da ya yi makonni da yawa bai warke ba. Darasin da suka ɗauka daga wannan shi ne, abin da ya iya kashe lafiyayyar tsoka zai iya kashe tsokar ciwon daji, kuma gaskiya ne, daga nan aka fara gasa ciwon daji da radiyam. Ɗaya darasin, watau ɓarnar da ƙanƙanin haske yake yi in ya taru shekara da shekaru, shi ne bai fito fili ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ran 19 ga Afrilu, 1906, ana ruwan sama, keken doki mai ɗauke da kaya ya take Fiyer a wani titin Faris, nan take ya mutu. Aka bar Mari da ƙananan yara biyu. Jami'ar Sobon ta ba ta kujerar mijinta, ta zama mace ta farko da ta koyar a wurin. Cikin 1911 aka sake ba ta lambar Nobel, wannan karo ta kemistiri, ita kaɗai. Har yau babu wani mutum, mace ko namiji, da ya sami lambar a fannonin kimiyya biyu dabam-dabam in ba ita ba.

Aikinta Lokacin Yaƙi

Da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke cikin 1914, Mari ta ga ana yanke wa sojoji hannu da ƙafa, wasu suna mutuwa, don likitocin bakin daga ba su iya ganin inda harsashi ya maƙale. Sai ta bi masu hali tana roƙon motoci, ta sa aka ɗora musu na'urar hoton ƙashi, injin motar shi yake ba na'urar wuta. Ta koyi tuƙi, ta koyi gyaran mota, ta ɗauki 'yarta Irin mai shekara 17 suka nufi fagen fama. Ta shirya motoci 20, da ɗakunan hoto 200 a asibitoci, ta kuma horad da mata wajen 150. An ƙiyasta cewa sojojin da aka duba da waɗannan na'urori sun haura miliyan ɗaya.

Na'urorin wancan zamani ba kamar na yanzu ba ne. Mai aiki yakan tsaya dab da majiyyaci yana leƙen ƙashinsa ta wani allo, hasken yana zuba a kansa, kariyar kuwa ƙalilan ce. Mari da Irin sun yi shekaru suna wannan tsayuwa, kuma ba wanda ya rubuta nawa ne ya shige su.

Ƙarshen Rayuwarta

Bayan yaƙi ta shugabanci Cibiyar Radiyam ta Faris. Cikin 1921 ta tafi Amurka, inda matan ƙasar suka tara dala 100,000 suka saya mata giram ɗaya na radiyam, Shugaba Harding ya miƙa mata kyautar. Cikin 1932 aka buɗe irin wannan cibiya a Warso, yarta Broniya ta zama shugabarta.

A waɗannan shekaru duniya ta haukace da radiyam. Ana sa shi a man shafawa da hodar fuska, ana sayar da ruwansa a kwalba wai maganin ƙarin ƙarfi. A Amurka akwai 'yammatan da aka ɗauka aikin shafa fentin radiyam a fuskar agogo don ta yi haske da dare. Aka koya musu su riƙa tsine bakin burushi da leɓɓansu. Kafin shekaru kaɗan haƙoransu suka zube, muƙamuƙansu suka ruɓe, da yawansu suka mutu, har magana ta kai kotu cikin 1928.

Ita ma Mari jikinta ya fara ba da shaida. Yana ta rufe mata ido, aka yi mata aiki ba sau ɗaya ba, amma da wani suna dabam take zuwa asibiti don kada a sani. Kunnuwanta suna ƙugi, yatsunta ba su warkewa. A nan dole in faɗi abin da na gani na rauninta. Ta sa ana gwada jinin ma'aikatan cibiyarta, tana gargaɗinsu su yi hattara, amma ya yi mata wuya ta yarda cewa abin da ta sha wahala ta gano shi yake cin ta. Ta ci gaba da aiki har ƙarfinta ya ƙare. Ta rasu ran 4 ga Yuli, 1934, a wani asibitin jinya cikin duwatsun gabashin Faransa, tana da shekara 66. Ɓargonta ne ya daina yin jini. 'Yarta Irin, wadda ita da mijinta suka sami lambar Nobel cikin 1935, sankarar jini ce ta kashe ta cikin 1956, tana da shekara 58.

Cikin 1995 gwamnatin Faransa ta mai da ƙasusuwan Mari da na Fiyer zuwa Fantiyon, inda ake ajiye manyan 'yan ƙasa. Da aka auna sai aka tarar radiyam ɗin da yake jikinta kaɗan ne, saboda haka masu binciken suka fi karkata ga cewa hasken hoton ƙashi na lokacin yaƙi shi ya yi mata illa. Littattafan da ta yi rubutu a ciki kuwa har yanzu suna fitar da haske, a cikin akwatunan dalma ake ajiye su, domin radiyam sai ya shekara 1,600 kafin rabinsa ya ƙare.

Yadda Bajo Ya Samu

Mutuwar likitoci da masu ɗaukar hoto ta yi yawa, har cikin 1936 aka kafa dutsen tunawa da su a birnin Hambag na Jamus, da sunaye 169. Tun cikin 1928 masana suka taru a Istokhom suka kafa kwamitin duniya na kariya daga wannan haske, da wani mutumin Suwidin, Rolf Sievert, a kan gaba. Cikin 1934, shekarar da Mari ta rasu, kwamitin ya yanka iyakar abin da ya kamata ma'aikaci ya ɗauka a rana. To, amma iyaka ba ta da amfani in ba a san abin da kowa ya ɗauka ba. Ana bukatar ma'auni ƙarami, marar nauyi, mai araha, wanda ba ya son batir, wanda zai bi mutum duk inda ya shiga, kuma ba ya mantuwa.

Sai aka koma ga farantin Bekarel. Dā ma wasu masu ɗaukar hoto sukan sa guntun fim a aljihu su ga ko zai yi baƙi. Cikin 1942, a birnin Shikago, inda ake aikin nukiliya na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wani masani mai suna Ernest Wollan ya mai da wannan dabara ta zama bajo sosai. Ana naɗe ɗan fim cikin takardar da hasken rana ba ya ratsawa, a sa shi cikin ɗan gida. A jikin gidan akwai taga buɗaɗɗiya, sa'an nan akwai 'yan faifan roba da na ƙarfe iri-iri, kamar alminiyam da jan ƙarfe da dalma, suna rufe da sassan fim ɗin. Haske mai rauni a taga kaɗai zai bar alama, mai ƙarfi kuwa zai ratsa har ƙarfen. In an wanke fim, yawan baƙinsa yana nuna yawan hasken, bambancin inuwoyin kuma yana nuna irinsa. Kun ga inuwar ƙarfen nan da Bekarel ya gani ita ce ta dawo.

Fim yana da aibi, domin zafi da laima suna ɓata shi. Saboda haka daga baya aka koma ga wasu 'yan ƙwayoyin gishiri masu kama da gilashi, waɗanda in hasken ya buge su sukan adana ƙarfinsa a cikinsu. In an kai ɗakin awo aka gasa su, ko aka haska su da wata fitila, sai su saki abin da suka adana ya fito kamar ƙyalli, na'ura ta auna. Irin wannan ne a ƙirjin Yaya. Akwai kuma na lantarki mai nuna lamba nan take, ya yi ƙara in abin ya yi yawa.

Ana auna abin da jiki ya ɗauka da ma'aunin da aka sa wa sunan Sievert, ana kiran kashi ɗaya cikin dubu nasa milisibat. Ƙa'idar duniya ita ce kada ma'aikaci ya wuce milisibat 20 a shekara in an raba lissafin shekara biyar daidai, kada kuma ya wuce 50 a shekara guda. Don a gane girman wannan, kowane ɗan Adam yana samun wajen 2.4 a shekara daga ƙasa da iska da sararin sama, hoton ƙirji guda kuwa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milisibat ba. Mu ma abin ya shafe mu. A Nijeriya dokar 1995 ta kafa hukumar da take sa ido kan masu aiki da wannan haske, a Nijar kuma tun 1971 aka fara haƙar yuraniyam a Arlit.

Abin da Na Gaya wa Inna

Yaya ta nuna mini cewa bajo ba laya ba ne, ba ya tare kome, shaida kawai yake bayarwa. Abin da yake tsare mutum uku ne: rage daɗewa kusa da hasken, ja da baya, da fakewa bayan bango ko rigar dalma. Wanda ya ninka nisansa sau biyu, kashi ɗaya cikin huɗu kaɗai yake samunsa. Bajon ba a ba da aronsa, ba a barinsa a rana, kuma duk bayan wata uku akan karɓe shi a aika wurin awo, a ba ta sabo. Ta buɗe fayil ta nuna mini takardun sakamakonta, lambobin ba su ko kusa da iyaka ba. Wannan na gaya wa Inna, na ce jinin Yaya yana nan daram, kuma akwai mai riƙe mata lissafi. Ranar Inna ta ci tuwo da yawa.

Akwai abu guda da ban gaya mata ba. A ofishin na ga bajon wani ma'aikaci rataye a ƙusa, ya yi ƙura, mai shi kuwa yana can ciki yana aiki. In an kai wannan bajo awo zai ce lafiya lau, domin ƙusa ya auna. A lokacin ban ɗauki abin da muhimmanci ba, amma da na karanta tarihin Mari Kuri sai raina ya ɓaci. Ita ba ta da bajo, da jikinta aka yi awon. Wanda aka ba shi ya rataye a ƙusa ya mai da kansa zamanin rumfar nan mai yoyo da gangan.

'Yan'uwana ɗalibai, musamman mu mata da muke ajin kimiyya, cikinmu akwai waɗanda za su zama likitoci da masu ɗaukar hoton ƙashi. Mu ɗauki haƙurin Mari Kuri da naci irin nata, mu tuna ta yi shekaru tana aikin gidan wani kafin ta taka jami'a, ba ta ce lokaci ya wuce ba. Mu kuma ɗauki darasin da ita ba ta sami sukunin ɗauka ba, cewa rigakafi ya fi magani. Ni dai na riga na gaya wa Yaya cewa aikinta zan bi in na gama, kuma ran da aka miƙo mini nawa bajon, a ƙirji zai wuni.